Fikafikan Baba Tinus

Ƙafarta ɗaya ce kawai ta taka dandalin tashar jirgin ƙasa ta garin Ravenstein, Marrit ta ɗaga kai ta hango injin niƙa mai aiki da iska da ke kan ganuwar garin... sai ta tsaya cak.

Fikafikan nan huɗu a tsaye suke, ba sa juyawa. Na saman ya ɗan gota ƙololuwa, ya fara gangarowa.

Makoki!

Ko daga barci aka tashe ta ta san wannan tsayuwar. Jikar mai injin niƙa ce, a gindin injin kakanta Douwe ta yi rarrafe, can arewa kusa da garin Dokkum. Tun kafin ta iya karatu ta iya karanta fikafikai. In fiffiken sama ya tsaya bai kai ƙololuwa ba, murna ce, alheri na tafe. In ya gota, to rana ta faɗi, an yi rashi.

"A'a... ba dai wannan ce amsar ba," ta faɗa a hankali, jakarta na zamewa daga kafaɗa.

Shekaranjiya Rens, saurayinta, ya riga ta tahowa don ya yi wa mahaifinsa, Baba Tinus, maganar aurensu. Tsohon ya daɗe yana toshe kunne. Shi dai a wurinsa duk wanda ya fito daga hayin koguna, wato arewa, bakinsa kaifi ne da shi, cocinsu daban, ko dariyarsu a ƙididdige take. Rens kuwa ɗa ɗaya tilo, ya sha gaya mata ba zai ɗaura aure mahaifinsa na juya masa ƙeya ba.

"Zumata, ki zo ranar Asabar mu sha iska, in nuna miki garinmu," ya ce mata a waya. "Baba ba ya magana da baki, da injinsa yake yi. Kina sauka ki duba sama. Ai ke 'yar gida ce, kin san yaren."

Zumuɗi ya hana ta jiran jirgin rana, ta biyo na safe. Ga abin da ta tarar.

Ta kira Rens, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba.

Da wata ce, da ta zauna a benci ta sha kukanta. Amma Marrit unguwar zoma ce, wadda ta saba shiga ɗaki ana kururuwa ta ce kowa ya yi shiru, kuma a yi shirun. Ta saɓa jaka ta nufi cikin gari, takalminta na ƙwas-ƙwas a kan duwatsun titi.

A ƙofar gidan burodi ta ci karo da wata doguwa mai jan gashi tana jera kujeru. Marrit ta gane ta daga hotunan Rens na makaranta. Lonneke ce, 'yar mai burodin, wadda duk garin ya gama aurar da ita ga Rens tun suna yara, shi kaɗai ne bai sa hannu ba.

"Sannu da aiki. Don Allah wa ya rasu?"

Lonneke ta dube ta sama da ƙasa.

"Rasuwa kuma? A ina?"

Marrit ta nuna injin da haɓa.

Lonneke ta kalli fikafikan, ta kalli Marrit, ta sake kallon fikafikan. Wani abu ya haska a idonta, ta yi saurin rufe shi da fuskar tausayi.

"Au... ke ce baƙuwar Rens ko? 'Yar arewa?"

"Ni ce."

"Allah sarki! To ba wanda ya rasu, 'yar uwa. Jiya Rens ya yi wa tsohon maganarki, yau da sassafe ya hau da kansa ya kafa su haka. Kowa ya gani." Ta goge tebur a hankali. "Na yi karatu a Groningen, can arewarku, na san abin da idonki ke gaya miki. Ni dai ba ruwana... amma akwai jirgin da zai koma arewa yanzun nan, in kin yi sauri."

Marrit ta yi mata murmushin da ba ya kaiwa ido.

"Na gode da kula. Ta ina ake hawa ganuwar?"

Ranar Asabar ƙofar injin a buɗe take saboda masu sayen gari. Ta yi sallama, shiru. Ƙamshin alkama da tsohon katako ya doke ta, irin na gidan kakanta sak, ya ƙara tunzura mata zuciya. Wato ita za a yi wa makoki? Ita da ta taho da cukun yankinsu na Friesland a jaka don tsohon, ita ce mutuwar da ta shigo gidansu?

Ta ajiye jaka ta kama tsani. Hawa bayan hawa, har ta fito barandar katako da ta zagaye injin. Gari duk yana ƙarƙashinta, jajayen rufi, hasumiyar coci, kogin Maas yana sheƙi.

Kakanta ya sha gaya mata ba a taɓa birkin injin wani, ko da gobara ake yi sai an yi sallama. Ta tuna. Ta kuma yi biris.

Ta kwance sarƙar da ta ɗaure fiffiken ƙasa, ta zagaya ta ja igiyar birki. Katako ya yi gurnani, iska ta kama fikafikan suka motsa a hankali. Ta jira har na gaba ya kusa ƙololuwa, ta saki igiyar. Tsaf! Ya tsaya yana hawa, bai kai ba.

Murna.

Ta karkaɗe hannunta tana haki.

"Yauwa. Haka ake tarar baƙuwa."

Ba a jima ba ta ji ƙofofi na buɗewa. Wani ya jefar da kekensa a tsakiyar titi. Mai kantin magani ya fito da farar rigarsa. Wata tsohuwa gajera mai ƙiba ta taho da gudu, zanen girki a ƙugunta, tana kuka wiwi.

"Tinus! Wayyo Tinus! Da safen nan fa na gan shi lafiya lau! Na ce masa ya daina hawan tsanin nan, ya ƙi ji!"

"Goggo Toos, yi haƙuri, bari a duba tukuna..." in ji wani daga cikin taron.

"A duba me? Ba ka da ido ne? Ga shi can an kafa!"

Marrit ta leƙo daga baranda. Me ya kawo kuka?

Ana cikin haka taron ya dare biyu. Wani dogon tsoho ne ya taho daga hanyar maƙabarta, cikin baƙar kwat ta zuwa coci, butar ban ruwan fure a hannunsa. Goggo Toos ta ƙwalla ƙara ta ja da baya, sannan ta dawo ta dafa ƙirjinsa don ta tabbatar.

"Kai ne? Da ranka?"

Baba Tinus ya ɗaga kai. Sama yake kallo.

Marrit ta dafa katakon baranda ta miƙe sosai. In za a yi, a yi ta ƙare.

"Baba, ni na juya su! Sunana Marrit Hiemstra. In ba ka so na, ka faɗa min a fuskata, kunnena zai ɗauka. Amma ni ba gawa ba ce da za a kafa min makoki a kan ganuwa duk gari na kallo. Ina son ɗanka, yana so na, wannan kuma abin murna ne. Shi ya sa na gyara maka su!"





Goggo Toos ta share hawaye da zanen girkinta, ta riƙe baki.

"Ke 'yar nan... murna kika ce? Wannan?"

"Ƙwarai."

"Wayyo ni Toos! Ai mu nan kudu wannan shi ne makoki! Fiffike yana hawa, rai ya tafi sama. Wanda kika tarar, mai gangarowa, alheri ne ke saukowa gida. Tun ranar da muka binne Riek, matarsa, duk yamma a makoki yake tsayar da injin nan. Shekara da shekaru! Yaran garin nan wasu ba su taɓa ganin murna a kansa ba. Yau ne kaɗai... yau ne fa kaɗai ya juya shi, ya sa kwat ya tafi ya gaya wa Riek za ta yi suruka!"

Marrit ta ɗaga kai ta dubi fikafikan da ta juya da hannunta.

Da barandar za ta tsage ta faɗa, da ta gode mata.

Baba Tinus ya ajiye butar a ƙasa. Muryarsa ba ta tashi ba, da ma ya yi ihu da ya fi sauƙi.

"Sauko min daga injina."

Ta sauko. Ya wuce ta ko kallo babu, ya hau. Suna tsaye suka ga fikafikan sun motsa, suka tsaya a miƙe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, biyu a gefe. Tsayuwar hutu ke nan, wadda arewa da kudu duk suka yarda ba ta cewa komai. Ya sauko ya datse ƙofa da kwaɗo, ya jefa mabuɗin a aljihu ya tafi.

Daidai nan Rens ya ɓullo a kan keke, kwalin kek ɗaure a baya, fuskarsa fal fara'a.

"Marrit! Zumata, yaushe kika... Kai, lafiya? Me ya tara mutane?"

A kan ciyawar ganuwa suka zauna, suna fuskantar kogi. Rens ya je har birnin Den Bosch ne don ya sayo mata ƙwallayen kek ɗin nan masu cakulan da kirim, wayar kuma tana can cikin wata rigar. Kwalin na tsakaninsu ba wanda ya buɗe.

"Me ya sa ba ka taɓa gaya min naku a juye yake ba?"

"Ni na san naku ne a juye? Tun da aka haife ni haka na gani!"

"Naku ne a juye."

"Marrit..."

"To na ji. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Ta rufe fuska da tafi. "Rens, na kashe mu da hannuna."

Ya janye hannun nata ya riƙe.

"Kin san jiya har kuka na yi? Ya daɗe yana kallon hoton Mama, sannan ya ce, gobe ka duba sama. Shi ke nan abin da ya faɗa." Ya dubi kogin. "Ina son ki kamar raina, kin sani. Amma ni kaɗai gare shi. Ba zan iya tsallake shi ba, hasken idona. Mu ba shi lokaci... wata shida, ko shekara."

"Shekara? Tsohon da ya yi shekaru yana makoki ɗaya? In muka bar shi ya kwana da wannan, sai jikokin Lonneke sun yi aure bai huce ba."

"Me ya kawo Lonneke?"

Ta ba shi labari. Ya miƙe zumbur, kunnuwansa sun yi ja.

"Zauna, masoyi," ta ce. "Ba ta yi min ƙarya ko ɗaya ba, rami kawai ta nuna min, ni na yi tsalle na faɗa. Matambayi ba ya ɓata, ni kuwa ban tambayi kowa ba sai kishiyata. Wanda ya ɓata shi ke gyarawa. Ƙarfe nawa yake cin abinci?"

"Shida, kamar kowa. Kar ki ce... Marrit, ba a zuwa gidan mutum lokacin cin abinci ba a gayyace ka ba!"

"Wadda ta taɓa birkinsa ce za ta ji kunyar dankalinsa?"

Ta buɗe kwalin, ta ɗauki kek ɗaya ta gatsa. Kirim ya fantsamo mata har hanci. Duk da halin da ake ciki sai da Rens ya yi dariya, ya sa yatsa ya share mata.

"Wallahi ke masifa ce."

"Taka ce, ka riƙe da kyau."

A hanya suka bi ta gidan burodi. Lonneke na bayan teburin ciniki, tana ganinsu ta fara gyaran abin da ba ya buƙatar gyara. Marrit ta leƙa kai kawai.

"'Yar uwa, jirgin ya wuce ni. Ki fara koyon kek ɗin biki, mai hawa uku nake so."

Ita kaɗai ta ƙwanƙwasa ƙofar Baba Tinus, ta ce Rens ya jira a gidan Goggo Toos. Tsohon ya buɗe, cokali a hannunsa.

"Abinci nake ci."

"Na sani, Baba."

"Na mutum ɗaya na dafa."

"Ban zo ci ba. In ka rufe zan zauna a dokin ƙofa, kuma ka ga yadda maƙwabtanka suke da labule a buɗe."

Ya dube ta ya daɗe, sannan ya juya ya bar ƙofar a buɗe.

Kicin ɗin tsaf yake, hoton wata mace mai dariya a jikin bango. Marrit ta ajiye cukun a gefen tebur, ta tsaya ba ta zauna ba.

"Na taɓa birkinka ba da izini ba. Kakana da yana raye da ya kore ni daga gidansa a kan wannan. Na kunyata ka a gaban mutanenka, na ɓata maka ranar da ka daɗe ba ka yi irinta ba. Ka yafe min."

Tsohon yana ta murƙushe dankali da cokali.

"Amma ina so ka san abin da na gani da na sauka. Rabon da in ga fikafikai a haka tun ranar da na dawo daga makaranta, na hango injin Kaka Douwe daga kan gada. Ba wanda ya gaya min ya tafi, su suka gaya min. Yau da na ɗaga kai..." Ta dube shi. "Na ɗauka kana cewa zuwana da mutuwa ɗaya ne a wurinka. Ya yi min ciwo, Baba, ciwo ƙwarai."

Cokalin ya tsaya.

"Da kika ga haka me ya hana ki komawa?"

"In bar wa wa Rens?"

Wani abu ya motsa a gefen bakinsa, ya danne.

"Haka kuke ku 'yan arewa. Ba ku iya lanƙwasa magana ba."

"Ku kuma kun lanƙwasa ta har ta koma kan rufi."

Ya kalli hoton bango.

"Riek ma haka take. Ranar da na fara zuwa gidansu ta ce hulata ta yi kama da mushen kaza." Ya yi ajiyar zuciya. "Na je na gaya mata yau. Na ce, Riek, na sauke makokinki, kar ki ji haushi. Na juyo ina jin kamar an sauke min dutsen niƙa daga ƙirji... sai na ga ya koma. Na ce to, ba ta yarda ba ke nan."

Hawayen da Marrit ta riƙe tun safe suka zubo.

"Ba ita ba ce, Baba. Ni ce, da gaggawata da jahilcina."

Ya tashi ya ɗauko faranti, ya raba dankalinsa biyu, ya tura mata rabi.

"Zauna. Ba a kuka a tsaye a gidana."

Ta zauna suka ci. Ya yanka cukun ya ɗanɗana, ya ce kanumfari ya yi yawa, ya ƙara yanka wani. Da ta tashi tafiya ta tsaya a ƙofa.

"Jirginmu na yamma ne gobe."

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce, ya rufe.

Ranar Lahadi Rens ya cika alkawari, ya zagaya da ita garin. Suka bi ta tsohuwar ƙofar ganuwa, suka shiga lungunan da ya yi wasa yana yaro, ya goya ta a keke har bakin kogi tana riƙe da ƙugunsa. Ya nuna mata bishiyar da ya faɗo ya karya hannu, ta ce tun can ashe ba shi da wayo. Sun yi dariya, sun sha kofi, ya sumbaci goshinta a ƙarƙashin hasumiyar coci.

Amma duk lungun da suka fito sai ta saci kallon sama.

Fikafikan na nan a miƙe, ba su ce komai ba.

Har suka je tasha haka suke. Marrit ta shiga jirgi ta zauna jikin taga, ta ɗaga haɓa.

"Zan dawo Asabar mai zuwa," ta ce. "Da ta bayanta. Sai ya gaji da raba dankali."

Rens ya matse hannunta, idonsa ya yi ja.

Jirgi ya tashi, ya fara hawa gadar Maas. Ta ce a ranta ba za ta waiwaya ba, sai ga shi ta waiwaya.

"Rens... Rens! Suna motsi!"

Suka manne da gilashi. Fikafikan sun juya a hankali, suka tsaya. Na saman yana hawa, bai kai ƙololuwa ba.

Fuskar Rens ta yi fari.

"Makoki... Wayyo, ya koma makokin. Marrit, shi ke nan."

Ita kuwa ta ƙura wa fikafikan ido. Hannunta na kan bakinta.

Wayarsa ta yi ƙara. Goggo Toos ce. Ya buɗe murya don su ji tare, hayaniyar mutane ta cika wurin.

"Rens! Kana ji na? Ubanka zai kashe ni da raina! Ga mu duk mun sake taruwa a gindin injin, shi kuma ga shi can a baranda ƙalau, har da lofe a baki! Tinus! Kai Tinus! Wa ya mutu kuma yau?"

Daga nesa, cikin iska, muryar tsohon ta taso, irin ɗagawar da Rens bai taɓa jin ya yi ba.

"Ba wanda ya mutu, Toos! Ku koma gidajenku, ba da ku nake ba! Da surukata nake magana!"

Marrit ta fashe da kuka da dariya lokaci ɗaya. Ta fizge wayar daga hannun Rens.

"Goggo Toos! Ki ce masa na ji! Ki ce wa Baba na ji!"